Gwajin Furucin Yara da Hotuna: Tambayoyin Iyaye da Malamai a Zariya da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da malaman nazare da na firamare suke yawan yi a nan Zariya idan aka ce za a gwada furucin yaro ta hanyar nuna masa hotuna. Wasu suna zuwa da fargaba domin suna zaton jarrabawa ce ta ci ko faɗuwa, wasu kuma sun riga sun yanke cewa tsamin baki ne kawai, girma zai kawar da shi. Amsoshin sun fi mayar da hankali ga yaron da ya buɗi baki da Hausa, domin shi ne aka fi yi wa kuskuren hukunci idan ba a kula ba.

Mene ne wannan gwaji, kuma yaya ake yin sa?

Mai gwaji yana zama kusa da yaro, a kan tabarma ko a ƙaramin tebur, ya buɗe littafin hotuna ya tambaye shi, “Mene ne wannan?” Yaron ya ce kaza, ko ƙofa, ko tsintsiya, a buɗe shafi na gaba. Hotunan ba haka kawai aka tara su ba. An zaɓi kowanne ne saboda sunansa yana ɗauke da wani sauti da ake son a ji a wani gurbi na kalma, kamar yadda hoton raƙumi yake fitar da r a farko da ƙ a tsakiya, hoton gyaɗa kuma ya fitar da gy da ɗ. Idan yaro ya saki jiki, wannan sashe ba ya wuce minti 15 zuwa 20, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ana iya jin kusan dukkan baƙaƙen harshen daga bakinsa.

Hanyar ta daɗe a hannun masana gyaran magana. Gwajin da ya fi shahara a Amurka, wanda Ronald Goldman da Macalyne Fristoe suka tsara, ya fara fitowa a 1969, an sabunta shi a 2000, aka sake sabunta shi a 2015, kuma ana amfani da shi ga yara tun daga shekara 2. A Birtaniya akwai wanda Barbara Dodd da abokan aikinta suka fitar a 2002, wanda ake kira DEAP.

Me ya sa ba za a faɗa wa yaron kalmar ya maimaita ba? Ai ya fi sauƙi.

Ya fi sauƙi, amma ba ya nuna gaskiyar yadda yaron yake magana a gida. Yaron da ya ji kalma yanzu daga bakin babba, yana kuma kallon leɓɓansa, yakan iya kwaikwayon ta daidai ko kusa da daidai, alhali kuwa idan shi da kansa ya lalubo ta daga cikin kansa zai faɗe ta yadda ya saba. Karatu ma ba mafita ba ne, tunda yawancin yaran da ake kawowa ba su fara karatu ba. Idan kuma aka tsaya ga hira kawai, za a iya shafe rabin sa’a yaron bai furta kalma mai ƙy ko gw ko sau ɗaya ba, sannan idan maganarsa ba ta fita sosai mai saurare ba zai ma san kalmar da yake nufi ba, balle ya gane inda ya kauce. Hoto yana magance waɗannan matsaloli duka: mai gwaji ya san kalmar da yake jira, yaron kuma shi ne ya faɗe ta da kansa.

Idan yaro bai gane hoton ba, ko ya kira shi da wani suna, ya faɗi ke nan?

A’a. Gwajin ba na yawan kalmomi ba ne, ba kuma na basira ba ne. Sauti ake saurara. Idan yaro ya yi shiru, mai gwaji yana taimaka masa mataki-mataki. Da farko yakan ba shi alama, kamar ya ce, “Abin da Umma take sharar tsakar gida da shi.” Idan wannan bai yi ba, sai ya ba shi zaɓi biyu, ya sa kalmar da ake nema a farko domin kada ta zama ita ce ta ƙarshe da ta shiga kunnensa: “Tsintsiya ce ko cokali?” Sai idan duk an rasa ne ake cewa ya maimaita, kuma dole a sa alama a takarda cewa wannan kalma kwaikwayo ce.

Kiran abu da wani suna kuwa ya fi yawa a wurinmu fiye da yadda ake zato. An taɓa kawo wani yaro ɗan shekara 4 tare da kakarsa, aka nuna masa hoton ɓera domin a ji ɓ, ya dubi hoton da kyau ya ce, “Kusu ne.” Kakar ta matsa kusa da shi ta ce, “Haba maigidana, ɓera za ka ce wa Malam.” Yaron bai yi kuskure ba, kalmar gidansu ya faɗa, sai dai gyaran da kakar ta yi da kyakkyawar niyya ya mayar da amsar ta zama kwaikwayo, dole aka nemi ɓ a wata kalma can gaba. Haka hoton kyanwa yake: wani yaro zai ce mage, wani kuliya, wani mussa, kuma duk sun faɗi daidai, sai dai ky ɗin da ake nema bai fito ba. Hoton babur ma wani zai ce mashin. Laifin na zaɓen hoto ne, ba na yaro ba.

Me mai gwaji yake rubutawa a lokacin da yaro yake magana?

Yana rubuta kalmar kamar yadda ta fito daga bakin yaron, sau da yawa da haruffan sauti na duniya da ake kira IPA, kuma idan iyaye sun yarda yakan ɗauki muryar a waya domin ya sake saurara a natse. Kura-kuran da ake nema iri 4 ne: musanya sauti da wani, kamar yaro ya ce taza maimakon kaza, ko yuwa maimakon ruwa, barin sauti, kamar ya ce jigi maimakon jirgi, gurɓata sauti, inda s take fitowa amma iska tana tsiyaya ta gefen harshe, da kuma ƙara sautin da babu shi a kalmar.

Abin da ya fi ƙidayar kura-kurai muhimmanci shi ne tsarin da suke bi. Yaron da yake cewa taza, tifi da dida maimakon kaza, kifi da gida, matsala guda ce gare shi ta bayyana a wuri uku: sautukan da ake yi da bayan harshe a hanɗa yana kawo su gaba zuwa hanƙa, wato bayan haƙoran sama. Gane wannan shi ne yake nuna inda gyara zai fara. Ana kuma gwada ko yaron yana iya furta sautin shi kaɗai idan aka nuna masa yadda ake yi, domin sautin da yake iya kwaikwayo ya fi kusa da zuwa da kansa. A gwajin DEAP akwai sashen da yaro yake faɗin kalmomi 25 sau uku-uku, kuma idan kashi 40 cikin 100 ko fiye suka fito daban-daban, kamar ya ce cako, sannan tako, sannan kako ga hoton tsako guda, ana ɗaukar wannan a matsayin wata matsala daban wadda take da nata salon gyara.

Yaronmu yana makarantar da ake koyarwa da Turanci. Ba za a iya gwada shi da littafin gwajin Turanci ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar dogon bayani, domin a nan ne ake zaluntar yara ba da gangan ba. Littattafan da aka shigo da su daga Amurka ko Birtaniya an tsara su ne a kan sautukan Turanci, kuma makin da ake kwatanta yaro da shi an samo shi ne daga yaran can. Idan aka ɗora wannan ma’auni a kan yaron da ya tashi a Ƙofar Doka ko Tudun Wada, kuskure yana shigowa ta fuska biyu.

Ta fuska ta farko, za a rubuta masa laifin da ba nasa ba. Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin sautuka biyu masu canza ma’ana, ba ta da v, ba ta kuma da sautin da Turanci yake rubutawa da th. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka mayar da kalmomin aro suka zama burodi da direba da firamare. Yaron da ya ga hoton cokali ya ce sifun maimakon spoon, ƙa’idar harshensa ya bi kamar yadda mahaifinsa da malaminsa suke bi, amma takardar gwajin za ta ƙidaya masa kuskure biyu. Sannan a cikin hotunan akwai abubuwan da yawancin yaranmu ba su taɓa gani ba, kamar injin shara mai zuƙe ƙura da bahon wanka irin na gidajen Turai, saboda haka amsoshi da yawa sukan koma kwaikwayo.

Ta fuska ta biyu, kuma wannan ta fi haɗari, gwajin zai tsallake sautukan da yaron yake rayuwa da su. Babu littafin Turanci da zai tambayi ɓ, ɗ, ƙ, ts, ’y, ƙw ko ƙy, alhali kuwa su ne suke raba kaya da ƙaya, baki da baƙi, fada da faɗa, sako da tsako da saƙo. Yaro zai iya wucewa lafiya a gwajin Turanci ya koma gida inda har yanzu ’yan’uwansa ba sa gane abin da yake nema. Ra’ayinmu a kan wannan a fili yake: ana iya amfani da littafin Turanci domin a ji yadda Turancin yaro yake, amma ba daidai ba ne a ɗauki makinsa a rubuta cewa yaron Bahaushe yana da larurar furuci.

To yaya gwajin da ya dace da Hausa ya kamata ya kasance?

Ya kamata a gina shi daga cikin harshen, ba a fassara na wani ba, domin idan aka fassara kalma sautin da aka zaɓe ta dominsa ya tafi. Gwajin Turanci yana duba kowane baƙi a farko da tsakiya da ƙarshen kalma, amma mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma baƙaƙe kaɗan ne suke zuwa a ƙarshe, kamar a malam, tebur, fensir da takwas. Abin da ya fi amfani a Hausa shi ne a duba baƙi a farkon kalma, a farkon gaɓa ta tsakiya, da kuma a rufin gaɓa, kamar r a jirgi ko n a kwando. A haɗa da baƙaƙe masu ɗauri, wato masu ninki, kamar ll na ƙwallo da tt na tattabara, da dogayen kalmomi kamar agwagwa da makaranta, domin wasu yara suna iya kowane sauti a gajeriyar kalma amma doguwa tana wargaje musu.

Hausa tana da r iri biyu da rubutunmu na yau da kullum ba ya bambantawa, wato ra-kaɗe kamar ta ruwa da rana, da ra-gare kamar ta biyar, kuma ya kamata kowacce ta sami hotonta. Tsawon wasali da karin sauti, wato hawa da saukar murya, ma suna canza ma’ana, don haka mai gwaji yana buƙatar kunnen da ya san Hausa sosai. Dole kuma ya san karin harshe. Yaron da iyayensa Sakkwatawa ne ya ce hwari maimakon fari, ko ɗiya maimakon ’ya, bai yi kuskure ba, kuma ma’aunin yaro shi ne maganar manyan gidansu.

Hotunan su zama na abin da yaro yake gani daga safiya zuwa dare: buta, tukunya, hula, takalmi, akuya, zakara, lemo, wuƙa, ɗankwali, keke. Kafin a amince da kowane hoto, a nuna shi ga yara da dama masu lafiyar magana daga unguwanni daban-daban, na cikin Birni da Samaru da Sabon Gari da ƙauyukan kewaye, kuma duk hoton da yawancinsu ba su kira da sunan da ake nema ba a cire shi. Zariya tana da abin da wannan aiki yake buƙata, tunda Jami’ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da masana harshen Hausa da masu zane da likitocin yara duk a gari guda.

A wace shekara ya kamata yaro ya iya dukkan sautuka?

Sautuka ba sa zuwa gaba ɗaya. A 2018 Sharynne McLeod da Kathryn Crowe na ƙasar Ostareliya sun tattara bincike 64 da aka yi a kan yara fiye da 26,000 a harsuna 27, ciki har da Larabci da Swahili, suka gano cewa zuwa shekara 5 yara suna furta aƙalla kashi 93 cikin 100 na baƙaƙe daidai. Sun kuma ga cewa sautuka irin su b, m, n, d da t suna zuwa da wuri, irin su r, s, z da sh kuma suna jinkiri. Wannan ya yi daidai da abin da uwaye suke ji a gida, inda ɗan shekara 3 yake cewa jo maimakon zo, ko cuncu maimakon tsuntsu, kuma babu abin tashin hankali a ciki.

Abin da ya kamata ya sa a nemi gwaji shi ne yaro ya kai shekara 3 mutanen gida ma suna wahalar gane shi, ko ya kai 4 baƙo ba ya fahimtar yawancin maganarsa, ko wasulansa su riƙa canzawa, ko maganar ta riƙa fita ta hanci, ko ya daina faɗin abin da a da yake faɗa. A lokacin famfara kuma, wajen shekara 6 zuwa 7, s da z sukan ɗan canza saboda giɓin haƙoran gaba, kuma mai gwaji yana la’akari da hakan.

Yaronmu yana jin Hausa a gida, Turanci a boko, Larabci a Islamiyya. Shin yawan harsuna ne ya rikita shi?

Yawan harsuna ba ya haddasa larurar furuci. Larura ta gaskiya tana bayyana a dukkan harsunan da yaro yake magana da su, don haka idan Hausarsa tana fita tsaf, Turancin ne kawai yake da ɗanɗanon Hausa, wannan koyon harshe ne. Kada a daina yi masa Hausa ko Fulatanci ko Yarabanci a gida saboda wannan tsoro. A gaya wa mai gwaji dukkan harsunan da yaron yake ji da wanda ya fi amfani da shi.

Ya kamata mu koya masa sunayen hotuna kafin ranar gwaji?

Kada a yi. Yaron da aka yi wa bita zai ɓoye ainihin abin da aka zo nema. Abin da ake so shi ne ya zo ya ƙoshi, ya yi barci isasshe, ba ya fama da mura ko ciwon kunne a ranar, kuma kada a ce masa za a kai shi wurin likita, domin yara da yawa allura suke ji a wannan kalma. A ce masa za a je kallon hotuna. A lokacin gwajin uwa ko uba su zauna kusa, amma su daure kada su gyara masa ko su faɗa masa amsa.

Idan kunya ta hana shi magana fa?

Yaranmu an tarbiyyantar da su a kan sunkuyar da kai a gaban babba da rage murya, saboda haka shirun yaro a gaban baƙo ba hujja ba ce a kansa. Mai gwaji nagari yakan fara da wasa, ya sauko ƙasa ya zauna daidai da yaron, wani lokaci ya miƙa wa uwar littafin ita ta riƙa tambaya shi yana saurare daga gefe, ko a shigo da yayarsa su riƙa karɓa-karɓa. Idan duk da haka ya ƙi, a sa wata rana, kuma iyaye su ɗauko muryarsa a waya yana wasa a gida su zo da ita.

Wasu iyaye ba sa son hotunan abubuwa masu rai. Akwai wata hanya?

Akwai. Ana iya amfani da kayan gaske a cikin jaka, yaro ya zaro ya faɗi suna: cokali, ƙwai, tsinke, zobe, gyaɗa, ashana. A faɗa wa mai gwaji tun farko domin ya shirya.

An ce mana linzami ne ko beli, a kai shi wurin wanzami. Gwajin zai nuna haka?

Hotuna kaɗai ba za su nuna ba, shi ya sa duba cikin baki yake tafiya tare da gwajin: a ga motsin harshe da leɓɓa, a ga haƙora, a ga ko akwai tsaga a ganɗa. Linzami abu ne na gaske, kuma idan ya ɗaure harshe sosai likita ne ya kamata ya duba ya yanke shawara. Amma mafi yawan yaran da suke da tsamin baki harshensu yana motsi lafiya, kuma yaron da yake cewa taza maimakon kaza da kan harshensa yake yin t ɗin, wanda ya nuna ba a ɗaure yake ba. Cire beli kuwa ba ya gyara furuci, yana kuma jawo haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, har da tsinkau-tsinkau idan kayan aikin ba su da tsabta. Muna roƙon iyaye da kakanni kada a taɓa bakin yaro da aska saboda maganarsa kafin a gwada shi.

Sakamakon hotunan kaɗai ya isa a yanke hukunci?

Bai isa ba. Hotuna suna fitar da kalma ɗaya-ɗaya, yawanci sunaye, kuma akwai yaran da suke faɗin kalma daidai ita kaɗai amma idan suka shiga ba da labari maganar ta cakuɗe. Don haka ana haɗawa da hira ko tatsuniya da yaron zai bayar da bakinsa. Daga irin wannan hira ake lissafa kason baƙaƙen da suka fito daidai, ma’aunin da masana biyu, Shriberg da Kwiatkowski, suka gabatar a 1982, inda sama da kashi 85 yake nuna matsala mai sauƙi, ƙasa da kashi 50 kuma mai tsanani. In’ina, wadda matsala ce ta gudanar magana, da jinkirin fahimta ko haɗa jimla, kowanne yana da nasa gwajin daban.

Gwajin ji kuwa wajibi ne ga duk yaron da furucinsa ya jinkirta, ko da iyaye suna ganin yana juyowa idan an kira shi, domin yaro yana iya jin kira amma sirararan sautuka irin su s da f da sh su kuɓuce masa. A gaya wa mai gwaji idan yaron ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa yana yawan fitar da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara yana fitowa ne daga abubuwan da ake iya kaucewa.

Ina za mu fara daga nan Zariya?

A fara da likitan yara ko sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika, a nemi a duba kunnen yaron a kuma tura shi ga masanin gyaran magana. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, inda ake gwajin ji. Masu gyaran magana da masu gwajin ji a Najeriya suna yin rajista ne a ƙarƙashin hukumar MRTB, mai rajistar ma’aikatan farfaɗo da marasa lafiya, kuma iyaye suna da damar tambayar duk wanda zai gwada ɗansu ko yana da wannan rajista, da wane harshe zai yi gwajin, da kuma ko zai ba su sakamakon a rubuce. Idan mai gwajin ba ya jin Hausa, a nemi a sa wani babba mai jin ta ya zauna tare da shi, ya faɗi kowace kalma yadda ake faɗin ta a gidan yaron bayan an gama, domin a kwatanta da abin da yaron ya furta. A tafi da katin rigakafi, da takardun asibiti na baya, da jerin kalmomi 10 ko 15 da yaron yake yawan faɗa, an rubuta kowacce yadda take fita daga bakinsa.